Lakar da Na Liƙa wa Motar Malam

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son a ce ya sani. Da ya sayi tsohuwar a-kori-kura a Dutsin-Ma, shekaru kaɗan bayan Turawa sun miƙa mulki, sai da duk garinmu Rawayau ya koyi sunayen kayan mota, ko yana so ko ba ya so. Fataucin shanu ne sana'arsa, amma in yana bayanin batir a ƙofar gida sai ka rantse shi ya ƙera shi.

Da zai kai shanu Kurmi, tafiyar wata guda, ya ajiye motar a jikin dangarmu ya ce mini, "Ki sa ido a kanta. Kada ɓera ya shiga." Ni kuwa 'yar Karofi ce, a gidanmu in an ce ka tsare abu daga ɓera, mun san yadda ake yi. Wata safiya na fita zubar da toka, sai ga ɓera ya yi wuf ya shige wani bututun ƙarfe da ke ƙarƙashin motar ta baya. Na bubbuga har ya fito. Na kwaɓa laka da kashin shanu da ramno, irin wadda ake liƙe rumbu, na cusa, na danna da gindin muciya, na ƙara, na shafe bakin sumul. Na yaba wa kaina, daga nan na manta da zancen.

Malam ya dawo ana gobe mahaifinsa zai tafi Makka. Baba tsoho ne mai ƙarancin magana, ya daɗe yana jiran wannan tafiya. Babbar motar alhazai za ta tashi daga Dutsin-Ma zuwa Kano bayan azahar, kuma ba ta jiran kowa. Ƙannen Baba sun so a yi asubanci da dawaki, Malam ya ce sam, yana da mota mahaifinsa ba zai sha rana a kan doki ba.

Da hantsi aka ɗora kaya, Baba ya zauna a gaba da carbinsa, gari ya taru. Malam ya murza makulli. Motar ta yi gurnani, ta yi tari biyu, ta yi shiru. Ya sake. Haka dai.

"Batir ne," in ji limamin gari, don shi kaɗai ne sunan da ya riƙe.

Malam ya danna oda har kaji suka watse, ya kunna fitilu. "Ga shi, Allah ya gafarta Malam, batir lafiya lau."

Ya buɗe bakin motar ya fara aiki. Ya kwance fulogogi ya goge su da bakin riga. Ya zuƙi fetur da baki ya tofar, ya ce mai na zuwa. Ya hura nan, ya ƙwanƙwasa can, yana yi yana bayani. Aka tura ta har bakin kasuwa, aka turo ta ta dawo. Inuwa tana ta gajarta, bayanin ma ya fara gajarta. Lokacin doki kuwa ya riga ya wuce.

Ina leƙe ta ramin zana tare da matan gida. Tun da farko dariya nake ƙunshewa, wallahi, don ban taɓa ganin Malam ya rasa abin faɗa ba. Sai na lura da wani abu. Kullum in motar nan ta tashi, hayaƙinta yakan turnuƙe mini tsakar gida. Yau ko ɗis. Na tuna ta inda yake fitowa. Na san kuma abin da wuta ke yi in aka kife ta da tukunya.

Matsalar ita ce Baba. Shekara huɗu ina gidan ban taɓa buɗe baki a gabansa ba. In na ji tarinsa a zaure, ɗaki nake faɗawa, haka aka rene mu. Na aika wata tsohuwa ta kira mini Malam, ya ce ta ce mini yana aiki. Na leƙa na ga Baba ya daina jan carbi, ya zuba wa hanyar Dutsin-Ma ido kawai. Tausayinsa ya kama ni, kunyar ta koma ƙarama.

Na ja mayafi, na ɗauki lauje, na ratsa maza. Na durƙusa a bayan motar na fara ƙwaƙule. Laka ta bushe ƙam, aikin kirki na yi mata. Da na ciro abin da zan iya, na ce da ƙasa, ba da kowa ba, "A gwada."

Malam ya murza. Motar ta yi wata irin ƙara, ta harbo ragowar lakar a kan rigar liman, ta kama ruri.

Baba ya sauko a hankali. Ya ɗauki gutsuren lakar, ya jujjuya, ya murtsuka ta da yatsa kamar mai duba hatsi.

"Wa ya yi wannan yaɓe?"

"Ni ce, Baba."

"Ramnon ya ji," ya ce. Ya dubi ɗansa, kafaɗunsa suna rawa don dariya. "In na dawo ita za ta liƙe mini rumbu. Kai ka tsaya a kan batir."

Sun riski motar alhazai ana ɗaure kaya. Da kaka ta zo na liƙe rumbun, don Baba ya ce ni zan yi. Shi kam a Madina ya rasu, can aka bar shi.