Ni Ke Turawa, Shi Ke Bugawa

Ni na fara kai ƙanena filin ƙanƙarar da ke cikin wani babban kanti a Madina, ni na ɗaure masa takalmi, ni na ɗaga shi duk faɗuwar da ya yi. Bai shekara ba ya wuce ni a wasan hoki na kan ƙanƙara, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Kocinmu ya nace sai mun iya buga faifan robar wasan da sanda yana tafe, ba tare da mun tsayar da shi ba. Ni kuwa sai na tare shi, na gyara tsayuwa, kafin nan mai tsaron raga ya gama shiri. Ƙanena kuwa ko kallon sandarsa ba ya yi. Ya karkata kafaɗa, ya sauke nauyinsa a ƙafar gaba, sai dai ka ji ƙara.

A gidanmu na Al-Sih mukan barbaɗa hoda a tayil ɗin saman bene don faifan ya yi santsi. Ni ke turawa, shi ke bugawa.

"Yaya, ɗan gaba kaɗan, yalla," in ji shi, sauran maganar duk Larabci.

Da haushi na koyi turawar. Na san inda yake son faifan, a kwance, ba rawa, daidai tsakanin ƙafafunsa. Duk ƙungiyar babu mai ajiye masa shi kamar ni. Burina ɗaya, Baba ya gani.

Baba aikin kaya yake a filin jirgi, hutunsa bai cika dacewa da wasanmu ba. Ranar da ya zo, ya zauna a naɗe cikin bargo kamar mai zazzaɓi. Na wuce mutum biyu, na tura faifan ta ƙarƙashin sandar na uku. Ƙanena ya zuba shi a raga. Baba ya miƙe, bargon ya zame ƙasa.

A mota ya yi ta sa wa ƙanena albarka har muka kusa gida. Sannan ya dube ni ta madubi.

"Kai ma Allah ya yi maka albarka, babban wa. Da ka ga ba za ka iya ba, ai ka kyauta da ka bar wa ƙaninka."

Na ce amin, Baba.