Kawu da Kogin da Ke Hawa Dutse

Shekara talatin kawuna ya yi a ofishin awon filaye, yana zana iyakar gidan wane da wane. Da ya yi ritaya sai hannunsa ya rasa abin yi. Inna, matarsa, ta ce har ledar teburin cin abinci yake ja wa layi da farce.

Ana nan sai wani mai buga littattafai ya kawo masa aiki. Wata marubuciya ce ta ƙago ƙasa mai birane bakwai da dodanni masu fukafukai, ana son taswirarta a shafin farko. Kwana goma aka ba shi, ya kwashe wata biyu.

Sau uku ya karanta labarin, yana auna tafiyar jarumar da zare: in ta bar birni da hantsi ta isa daji da yamma, to ga nisan. In na biya gaishe shi sai in tarar ya ƙura wa farar takarda ido, ɗakin na warin tawada. Yakan ce in ɗan jira, gajimare bai gama tashi daga kwarin ba.

Kogi ne ya kawo cikas. A labarin, daga teku yake tasowa ya hau dutse, Kawu kuwa ya ƙi zana shi. Marubuciyar ta zo da kanta, ta yi masa bayanin cewa ai sihiri ne.

"Na yarda, 'yata," in ji shi. "Amma in ya kai ƙololuwa, ina yake zuba? Kin ce akwai mutane a can. Ni ba zan nutsar da su ba."

Ta yi dariya. Bayan mako guda ta dawo da sabon babi, da wani tafki da ke rataye a sararin sama, kifaye na jefa inuwarsu kan rufin gidaje.

Da littafin ya fito, an matse taswirar ta koma kamar tafin hannu. Kogin ya faɗa cikin ɗinkin tsakiyar littafin, sunan Kawu babu shi ko'ina. Rijiyoyin da ya jera wa matafiya a hanyar hamada sun zama kamar kashin ƙuda. Inna ta yi ta faɗa, ta ce an ci guminsa. Shi dai ya shafa shafin, ya ce matafiyan sun san inda rijiyoyin suke.

Ya ƙara zana ƙasashe tara kafin idonsa ya raunana, mai buga littattafan kuma ya koma amfani da kwamfuta. Marubuciyar dai ba ta daina zuwa ba. Takan zauna a ƙofar ɗakinsa tana karanta masa abin da ta rubuta, shi kuma ya lumshe ido yana bin hanya. Makon jiya na ji yana gaya mata ta jinkirta yaƙin da ke cikin sabon labarinta, don hanyar arewa ba ta biyuwa da damina. Ta ciro biro ta gyara.