Tsagar Ruwan Sama

Shekara talatin da biyu Baba Mai Fensir ya yi yana zana yankan kankare, wato yadda cikin ginshiƙi ko bim, dogon kankaren da ake gicciyawa a kan ginshiƙai, zai kasance in aka yanke shi gida biyu. Mutum ne mai taurin kai a kan layi. Kowane lungu, kowace 'yar tsaga, sai ya zana ta, har abokan aiki suna tsokanarsa wai ko ƙura ce ta sauka a kan bim sai ta fito a takardarsa. Da ido ya yi rauni ya ajiye aiki, amma fensirin bai bar bayan kunnensa ba.

Autarsa ce ta gaje shi, ta zama injiniya. Wata Asabar ta shigo da kwamfuta, ta ture kofunan shayi ta ɗora ta a tebur. Aikin da ke ciki bim ne na wata gada, daga tsohon zanensa, mai kusurwa arba'in da huɗu. Manhajar lissafi ta wuni tana juyi ta kasa gamawa.

"Baba, sai an rage masa kusurwoyi. Ni kuwa tsoro nake ji kar in goge wadda ke ɗauke da nauyi."

Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Ya daɗe yana zargin cewa rabin abin da ya zana a rayuwarsa ado ne kawai, ga shi yau 'yar cikinsa za ta tabbatar masa. Duk da haka ya matso da kujera, hancinsa kusan a jikin gilashin kwamfutar.

"Goge wannan. Wannan ma. A'a, bar wancan, rodi na kwance a bayansa."

Kafin shayi ya huce kusurwoyi sun koma takwas, lissafi ya fita cikin minti ɗaya. Ta ƙarshe da aka goge ita ce 'yar tsagar ƙarƙashin bim, wadda yatsa ɗaya ke cikawa. Baba ya zaro fensirinsa yana murzawa.

"Ashe dai ba ta ɗauke da komai," ya ce a hankali.

"To me ya sa kake zana ta?"

"Ruwan sama. In ya gangaro ya iso nan sai ya ɗiga ƙasa, ba zai bi ciki ya ci rodi ba."

Ta zaro takardar da za a kai wa kafintoci masu haɗa katakon zuba kankare, ta shimfiɗa a gabansa.

"Kwamfuta nauyi kawai ta sani, Baba, ruwa bai taɓa dukanta ba. Mayar min da ita."

Ya sunkuya ya zana tsagar, layin ya ɗan karkace. Ya laluba yana neman magogi don ya gyara, ta riga shi ɗauka ta jefa a jaka.