Kwana Arba'in da Na Katse wa Matata Gashin Asibiti

Edita, a shekarun da jiharmu take sabuwa, ana ta hidimar kafa Shari'a, ni malamin fiziks ne a wata sakandare a Kaura Namoda. Duk wanda ya samo takardar asibiti a danginmu, daga Badarawa har Zurmi, ni yake kawo wa in fassara, har na ɗauka babu abin da ya shige mini duhu.

A lokacin ne aka gano sankarar mama a jikin matata. Bayan tiyata aka tura mu wani babban asibiti mai nisan tafiyar yini, a yi mata gashi, wato ƙona ciwon da hasken wata na'ura. Da na ga na'urar sai na ji alfahari, domin asalinta na sani: masu binciken ƙwayar zarra ne suka ƙera irinta don harba ƙananan ɓarɓashi da matsanancin gudu, likitoci suka are ta suna ƙona ciwo da haskenta. Likita ya ce kullum za a riƙa yi, mako shida, ba fashi.

Muna mako na uku saƙo ya zo cewa 'yarmu ta fari, wadda ta dawo gida goyon ciki, ta sauka. Matata ta ce ba ta yarda wata ta yi wa ɗiyarta wankan jego tana raye ba. Ta dube ni ta ce ai Malam ya fi likitan sanin injin, in faɗa mata gaskiya ko dakatar da gashin mu koma gida zai cutar. Na ɗauki biro na lissafa. Na ce mata haske ƙarfi ne da ake tarawa, ko yau aka ba da shi ko bayan arba'in, jimilla ɗaya ce. Likita ya roƙe ni, har ya ce in tuna ba allo ke gabana ba. Na yi masa murmushin wanda ya sani.

Kwana arba'in ta yi tana hura wuta, tana tsokanar jaririyar da kishiya. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin haka ba. Da muka koma, ciwon ya kai huhu. Abin da lissafina ya manta shi ne sankara rayayya ce, duk ranar da aka ɗaga mata ƙafa sai ta hayayyafa. Kafin damina matata ta rasu, ba ta taɓa ce mini uffan kan maganar ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma amanar da ta ba ni ce na amsa da girman kai. Yau shekaruna saba'in, ni kaɗai nake cin tuwo. Ina roƙon duk mai ɗan ilimi, idan nasa suka tambaye shi abin da ba fanninsa ba, ya daure ya ce bai sani ba. Jikar tawa sunan kakarta aka sa mata, kuma har yau na kasa kiran sunan.