Amanar Saje Mai Kilishi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 14 ga Janairu 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Baba Kaumi Soja a gidansa da ke Roni. Shekarunsa sun daɗe suna jawo gardama. Shi yana cewa ɗari da biyar, takardar sallamarsa daga soja tana cewa casa'in da tara, mu kuwa da muka buɗe ido muka same shi magidanci ba mu da bakin raba su. An yi masa sutura bayan azahar.

Baba Kaumi, ni ne Haladu, tsohon malamin firamare, Bafillataninka da kake cewa ko alli ya riƙe sai an ji ƙamshin nono a allo. Shekara hamsin da 'yan kai muna zama a dakali ɗaya. A shekaru ka haife ni, amma da yake kai Babarbare ne ni Bafillatani, al'ada ta sakar mini baki a kanka, na kuwa ci moriyar abin har na wuce iyaka. Wannan wuce iyakar ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Kafin na zo nan, bari na faɗi abin da Roni ta sani. Babu yaron da ya taka kwalba ko manomin da fartanya ta sara da ba a kawo ƙofarka ba. Ruwan zafi ne da gishiri da tsumma wankakke, sai tsawa: "Tsaya cak, kai ba soja ba ne?" Mutum yana kuka yana dariya har a gama ɗaurin. A farin 1973, lokacin da shanun mahaifina suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, kai ka turo mana dami shida na gero a amalanke. Da tsohon ya zo godiya, ka hana shi buɗe baki, ka ce Bafillatanin da ba shi da saniya ai dole Babarbare ya riƙe shi, kada ya shiga duniya. Ya yi dariya, ya koma gida da mutuncinsa. Sai da na girma na gane dalilin wasan.

Labaranka na yaƙi kuwa, da su muka tashi, kamar yadda muka tashi da tatsuniyoyin kakanninmu, kuma a kwando ɗaya na zuba su. Duk inda ka faro, sai ka ƙare a kan mutum ɗaya, Saje Mai Kilishi.

Ka ce Bature ne ja, dogo, mai Hausa a karkace. In aka kira shi Ingilishi sai ya ɓata rai, ya ce shi mutumin Sikotlan ne, ƙasar duwatsu da tumaki, kuma ubansa makiyayi ne. Ranar biki yakan ɗaura wani guntun zane mai gidan dara, ku yi ta ƙunshe dariya, shi kuma ya ce a garinsu maza ne ke ɗaura shi. Ka ce tun kafin ka shiga soja ya yi yaƙin Habasha tare da 'yan Najeriya, inda ya koma cikin ruwan harsashin Italiyawa har sau uku, kowace tafiya ya jawo wani da aka harba. A kan haka aka ba shi lambar jarumta ta azurfa, wadda ba ya rataye ta, sai dai ya ajiye a aljihun ƙirji cikin tsumma.

A ƙasar Bama, a yaƙin duniya na biyu, kai ne mai ɗaukar masa akwatin harsashi a ka. Wata rana da rana tsaka Japanawa suka rutsa ku a bakin wani rafi da ke zuba cikin kogin Kaladan. Ya kafa babbar bindiga a kan gaɓa, ya ce kowa ya haye, shi ne na ƙarshe. Kun haye ku arba'in da wani abu. Da ka waiga ka ga bindigar ta yi shiru, ka koma, ka goyo shi. Harsashi ya same shi a ciki. Kafin ku kai inda likita yake ya sa ka sauke shi, ya zaro tsumman nan ya danƙa maka, ya ce, "Kaumi, kai wa uwata. Ka ce mata ban gudu ba." Daga baya kyaftin ya karanta a fareti cewa an ƙara masa wata lambar saboda aikin rafin nan. Wannan kam bai gan ta ba.

Ka ce ba ka miƙa wa hafsoshi lambar ba saboda dalili biyu. Na farko, uwarsa ya ce, bai ce kyaftin ba. Na biyu, soja baƙar fata da lambar Bature a aljihu, a wancan zamani, sunansa ɓarawon gawa. Sai ka sami wani baduku Bakano a barikinku na Indiya, ya ɗinke maka ita cikin jar fata, ka rataya a wuya tare da layunka. Haka ta ƙetare teku, ta wuce duk binciken kaya, ta iso Roni.

A 1971 na fito daga makarantar horon malamai, ina tafe ina jin babu Turancin da ya fi ƙarfina. Ka same ni a dakali cikin mutane.

"Malam Haladu, tunda ka ci boko, rubuta mini wasiƙa."

"Zuwa ina, Baba?"

"Zuwa ga uwar Saje Mai Kilishi, ƙasar Sikotlan."

Na ce, "Mai kilishin wace rumfa? Na bakin tasha ko na 'yan nama?"

Dakali ya ɗauki dariya. Kai ma ka yi, ka ce, "Ku ji Bafillatani. Ana zancen yaƙi, shi yana tsoron ko saniyarsa aka yanka."

Da aka watse ka riƙe mini hannun riga, ka ce, "Da gaske nake, yaro." Na ce maka wasiƙa ba ta tafiya sai da cikakken suna da adireshi, ka kawo su in rubuta. Magana ce ta gaskiya, amma ban faɗe ta don gaskiyarta ba. Na faɗe ta ne don ban yarda akwai Baturen da ake kira Mai Kilishi ba. A raina na ce tsohon soja ne, ya ga wuya a daji, ya dawo da labari mai daɗi, a bar shi da abinsa. Yau in na yi lissafi, a shekarar nan tsohuwar ba ta fi tamanin da ɗoriya ba. Mai yiwuwa tana nan da ranta, a zaune.

Ka sake tambayata lokacin da aka mai da ni hedimasta a Gwiwa, ka ce yanzu ai ina da hatimi. Ka sake da ɗana ya fara aiki a Kazaure, ka ce ko shi ya san hanya. Sau ɗaya ma ka ciro layar ka ɗora mini a tafin hannu. Na jinjina ta, na ce baduku ya cuce ka, tsohon kwabo ya ɗinke maka. Ka ce ba za ka farke ba sai ranar da za a aika, kada ta ɓata a hannun yara. Ban matsa ba. Kalma ɗaya ta rage in ce, Baba, mu buɗe mu gani. Ban ce ba, domin wasan ya fi mini daɗi a rufe.

Da kakar bara, idonka ya riga ya tafi, ka lalubo gwiwata ka ce, "Haladu, har yanzu ba a sami adireshin ba?" Na ce, "Baba, ai tsohuwar ta daɗe a ƙasa." Ka ce, "To ba ta bar kowa ba? Ni me zan ce in an tambaye ni?" Ranar ban yi wasa ba, amma ban yi komai ba kuma.

Ni da babban ɗanka Mamuda muka yi maka wanka. Da ya cire igiyar daga wuyanka, ya ce, "Malam, wannan fa?" Na ce a ba ni reza. Fatar ta bushe kamar ƙaho, sai da na yi da gaske. A ciki ga azurfa ta yi baƙi, da kan sarkin Ingila a gefe ɗaya, ƙyallen jikinta ya zama gari. Ina juya ta sai yatsana ya ji kaushi a bakin da'irar. Na fita tsakar gida cikin rana, na sa tabarau. Ƙananan haruffa ne aka buga a zagaye: lambarsa ta soja, sunan rundunarsa, sannan SJT. A. McLEISH.

Na karanta a fili. Makilish. Na sake karantawa, sai na ji bakina da kansa ya ce Mai Kilishi. Mamuda ya dube ni, ni kuma na nemi wuri na zauna a kan turmi.

Ba ka taɓa ƙara ko wasali a labarin ba, Baba. Sunan da kunnenka ya ji shi ka riƙe shekara tamanin. Abin da na ce ka kawo mini yana rataye a ƙirjinka, kamu ɗaya daga inda nake zama, kai ba ka karanta boko ba, ni da na karanta ban duba ba.

Da aka jera sahu, liman ya tambaya ko akwai wani haƙƙi a kanka da za a sauke. Na ɗaga murya na ce akwai amana, kuma daga yau ta bar wuyanka ta dawo nawa, jama'a su shaida. Sun shaida. Wasiƙar na rubuta ta ranar sadakar uku, shafi ɗaya ce tal, ba ta ci mini rabin awa ba. Na sa saƙon kamar yadda aka ba ka, cewa bai gudu ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in yana da ɗa ko 'ya da ke karatu ko aiki a Sikotlan, ya neme ni ta gidan marigayin. Lambar azurfar tana hannun Mamuda. Shekarata saba'in da bakwai, ba ni da wasu hamsin ɗin da zan ɓatar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Ya Kura, wadda ta yi jinyarsa ba ƙorafi, da Mamuda, da 'yarsa Sa'adiyya da ke aure a Babura, da jikoki da tattaɓa-kunne, da dukan mutanen Roni. Ku yafe mini abin da na yi wa mahaifinku ina dariya. Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya haɗa kanku.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Kaumi, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka tabbatar da harshensa wajen tambaya. In kuwa aka zo kan amanar nan, ya Ubangiji, ya riƙe, ya nema, ya roƙa har sau huɗu. Saura a tambayi Haladu.

Malam Haladu Sama'ilu, Roni