Tantunan Harouna Ba Su Ga Tenere Ba

A ƙauyen Timiya aka haifi Harouna, can cikin duwatsun Azbin, arewa da Agadas. Tun yana saurayi ya zama ɗan jagorar masu yawon buɗe ido. Shi ke kai su bakin hamadar Tenere, inda gwamnati ta keɓe ta hana farauta, ya nuna musu duwatsun da mutanen dauri suka zana raƙuman dawa da shanu a jikinsu. Yana da sanyin hali, amma in baƙo ya kai hannu zai taɓa zanen, sai ya ga wani Harouna daban.

Amininsa Shitu ne direbansa. Da suka gaji da yi wa wasu aiki, suka yanke shawarar buɗe nasu. Mota akwai, tantuna ne babu. Wani ɗan kasuwar Maraɗi, Alhaji Abdoulaziz, ya ce Harouna ya biyo shi Guangzhou ta ƙasar Sin, can ake ɗinka su da araha.

Farkon shekarar 2007 suka iso. A wata masana'anta a Panyu, Harouna ya zaɓi yadin da hannunsa, ya sa aka ƙara wa turakun tsawo saboda rairayi. Mai masana'antar, wanda kowa ke kira lawban, wato maigida, ya yi ta dariyar tsantseninsa. An gama ɗinki, an kai kaya ma'ajiya kusa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu, sai Shitu ya bugo waya.

"Kada ka loda tukuna. An fara harbe-harbe a arewa."

"Baƙinmu fa?"

"Duk sun fasa. Ka ɗan jira, wataƙila ya lafa."

Bai lafa ba. Tawaye ya yi ƙarfi, aka rufe hanyoyi, aka binne nakiyoyi. Harouna ya koma wurin lawban ko zai karɓi kayan ya mayar masa da kuɗinsa, mutumin ya kaɗa kai ya ce babu hali. Alhaji ya sama masa aikin ɗaure kwalaye a wani shagon aika kaya ta filin jirgin Baiyun. Mutumin da ya saba gane hanya da siffar tudun rairayi, sai ga shi yana ɓata a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, waya ta shigo da lambar Shitu, amma muryar matarsa ce, Balkissa.

"Yaya Harouna, abokinka ya taka nakiya. Ya ɗauki lodin albasa ne daga ƙauye, tunda babu baƙi. Yana da rai, amma an yanke ƙafar dama."

Harouna ya zauna a bakin titi, mutane na ratsa shi. Ya ce zai taho. Ta ce Shitu ya hana, wai abin da Harouna yake aikowa shi ne ke riƙe da gidajen biyu.

Da Shitu ya samu sauƙi, shi ya ba shi sauran labarin. Masu gadin dajin sun janye. Wasu sun shiga da motoci suna bin barewa har ta faɗi. Wani dutse mai zanen shanu kuma an fasa gefensa da guduma an tafi da shi.

"Wanne? Na bakin rafin nan?"

"Shi."

"Ba wanda ya hana?"

"Wa zai hana, Harouna? Ni?"

Shekara ta zagayo, aka yi babbar girgizar ƙasa a yammacin Sin, mutane suka rasa matsuguni. Lawban da kansa ya zo neman Harouna, ya ce ana neman tanti ko'ina. Harouna bai tsaya ciniki ba, ya ce a kwashe tantunan. Shi ya taya su lodawa a babbar mota, ya tsaya har ta fita daga ƙofar ma'ajiyar. Ko guda ɗaya bai taɓa kafawa ba.

Har ƙarshen 2009 yana shagon nan. Alhaji ya sha yi masa tayin ya koyi harkar atamfa da wayoyi, yakan ce to, amma bai fara ba. Balkissa ta ce Shitu ya koyi tafiya da sanda, har yana zuwa kasuwa da kansa.