Littafin Habibu Mai Jan Zare

Shekara bakwai ke nan cif da muka binne Habibu a nan Kuala Lumpur, kuma sai a bana na iya buɗe amanar da ya bar mini. Ban san ko jinkirin nan tsoro ne ko hankali ba, na dai san ya hana ni sakat, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni da shi tallafin karatu ɗaya ya kawo mu, muka kama gida ɗaya a unguwar Danau Kota. Ni ina fama da ilimin harsuna, shi yana digiri na uku a kan ƙarafa. Ɗan gidan maƙera ne, kuma maƙeran da suka yi suna wajen ƙera wa mafarauta bindigar adaka. Ya tashi yana zuga wuta, ya girma yana jin warin albarushi, sai ga shi Allah ya jefo shi ƙasar da ko harsashi ɗaya aka gani a aljihunka ka shiga uku. Duk zamansa a nan bai taɓa bindiga da hannunsa ba. Da ido ya riƙa rage ƙishirwa.

Abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne bidiyon wasu dattawan Turawa masu wasa da libarba irin ta zamanin da, wadda ake ƙera sabuwa a kan fasalin tsohuwa, ana ɗura mata albarushi da dalma a ɗakunan da harsashi ke zama, ɗaki bayan ɗaki. Mu muna shagon mamak, irin shagon mai shayi na nan, muna shan shayin madarar da suke kira teh tarik, ana musun ƙwallo, shi kuwa ya kifa kai a kan waya yana tsaki. Wai harsashi mulmulalle ba ya ba da wahala, ko ta ina ya zauna ya zauna. Mai tsini ne ɗan rigima, in ya karkace tun a bakin ɗaki, duk ƙarfin da ka sa ƙara karkatar da shi kake yi.

"Kalli wannan tsohon, he is forcing it lah," in ji shi, yana tura mini wayar a hanci. "Da a gaban Baba ya yi haka, wallahi sai ya sha mari."

Nakan ce masa, "Kai da ko bindigar wasan yara ba ka da ita, kake gyara wa masu ita?" Sai ya yi dariya, ya ɗauki murfin biro da ƙwayar gyaɗa ya sake nuna mini abin da ban tambaya ba. Na gaji da wannan darasi har na daina zama kusa da shi. Yau da zan samu wanda zai dame ni da murfin biro, da na gode.

Daga bakinsa na san cewa a gidansu duk bindigar da ke da ɗuri ana ɗaura mata jan zare, don kada wani ya ɗauka da wasa. Saboda haka ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti, ya miƙo mini wani littafin rubutu ɗaure da jan zare, gabana ya faɗi. Ya ce abin da ya koya a maƙerarsu ne yake rubutawa da Hausa, in ajiye wa ɗansa Nura har ya mallaki hankalinsa. Bayan kwana biyu ya cika. Matarsa, wadda ta biyo shi nan da yara daga baya, ta kwashe su ta koma gida, ni kuma aikin koyarwa ya riƙe ni a nan. Na cusa littafin a ƙasan akwati, na yi ƙaura da shi sau uku, ban taɓa kwance zaren ba.

Sau da yawa ina tambayar kaina me Habibu zai ce da ya ga garinsu yanzu. Ya bar adaka tana hannun masu farautar gada da zomo. Yau tana kafaɗar samarin da ke tsaron gari saboda 'yan bindiga, kuma maƙerin da a da ake kai wa cinyar nama, yanzu kallon tuhuma ake yi masa. Mahaifin Habibu ya rasu, an rufe maƙerar. Anya mutumin da ke tsaki don an matsa wa harsashi zai iya kallon yadda yara ke ɗura bindiga a guje?

A farkon damina Nura ya kira ni. Ya zama saurayi, muryarsa sak ta ubansa, har sai da na zauna. Bayan gaisuwa ya ce ya shiga 'yan sintirin garinsu, kuma mahaifiyarsa ta gaya masa akwai littafi a wurina.

"Baffa, haƙƙina ne, kuma yanzu nake da bukatarsa."

Gaskiya ya faɗa, ni kuma na ji haushin gaskiyar. In na hana shi, na ci amanar mamaci. In na ba shi, wataƙila da hannuna na ƙara tura ɗan abokina daji. Na yi mako uku ina yi masa hanya-hanya, yau jarrabawa, gobe ban samu mai tafiya ba. Na shiga jirgin ƙasa na wuce tashata sau biyu saboda tunani. Ran nan dai bayan la'asar na jawo akwatin, na yi bismilla, na tsinke zaren.

Na karanta shi tas a zaune ɗaya. Shafin farko ya ce a gidansu ba a koya wa kowa ɗura bindiga sai ya shekara yana koyon sauke ta. Duk sauran shafukan a kan haka suke: yadda ake gane mai ɗuri ba tare da an leƙa bakinta ba, yadda ake sauke ɗurin da ya kwana, yadda ake wankewa, inda ake jingine ta a gidan da ke da yara. A shafin ƙarshe ya rubuta kalma ɗaya a sama, "Ɗuri", ya ja mata layi. Ƙasanta fari fat. Na yi dariya ni kaɗai, sannan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Shekara bakwai ina tsoron littafin da sauke bindiga kawai yake koyarwa.

Na ba wani ɗalibi mai komawa gida ya kai masa. Bayan kwana goma Nura ya kira.

"Baffa, ina sauran?"

Na ce babu saura, haka ya bar shi. Sannan ya ce ya tara bindigogin abokan sintirinsa ya duba su yadda littafin ya ce. Biyu daga ciki ɗuri biyu-biyu ne a cikinsu, an ɗura an manta an sake ɗurawa, irin wanda ke tarwatsa bindiga a fuskar mai ita.

"Ɗaya tawa ce, Baffa."

Har yau ban san ko ajali ne ya hana Habibu cika shafin nan ba, ko da gangan ya tsaya. Hankalina ma bai kwanta ba, domin Nura yana nan yana fita sintiri, kuma duk lokacin da wayata ta yi ƙara da lambar gida sai na yi addu'a kafin in ɗauka. Digirin bai ƙarasa ba, maƙerar ta zama ɗakin ajiye hatsi, kabarinsa yana ƙasar da danginsa ba za su taɓa ziyarta ba. Abin da ya rage na Habibu shi ne saurayin nan da ya ɗaga waya jiya ya gaishe ni, da idonsa biyu da yatsunsa goma. Allah Ya jiƙan Habibu, Ya tsare mana Nura.